Ranar da Na Gasa Tsire da Ragar Kunkuru

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara taka bakin Bahar Rum ba, ko da kuwa na so in manta. Na sha gwadawa. Amma duk yammar da na bi ta gefen teku a nan Dubai, iska ta kaɗo mini warin gishirin nan, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in kama dariya ni kaɗai a cikin mota. Matata ta daina tambayar lafiya. Ta san labarin, har ta fi ni iya ba da shi.

A lokacin ban yi aure ba. Ina zaune a Satwa, a wani gidan haya da muka cika shi maƙil, saman shagon wani tela ɗan Pakistan wanda kekensa ba ya hutawa. Aiki kuma a Deira nake yi, a ofishin wani kamfanin kago da ke bayan Murshid Bazaar, inda 'yan kasuwarmu na Kano suke kawo kaya a auna, a ɗaure, a loda a kwantena. Ni ne mai yi musu magana, tunda ni ne mai Hausa. Teburin da ke kusa da nawa na Karim ne, ɗan Labanan, wato Kwara kamar yadda muke ce musu a gida.

Abin da ya haɗa jininmu shi ne a Kano aka haife shi, a Fagge. Mahaifinsa ya daɗe yana sayar da yadi a Kantin Kwari kafin su tattara su koma ƙasarsu, Karim yana ɗan firamare. Hausarsa ta zube, saura 'yan kalmomi, yawancinsu na abinci ne da na zagi. Amma akwai abin da bai taɓa barin ransa ba, wato tsire. Duk ranar da muka sayi naman gashi na Larabawa da rana, sai ya tauna, ya girgiza kai.

"Habibi, wannan nama ne kawai," in ji shi. "Tsire daban. Ina yajin? Ina ƙuli-ƙulin?"

A nan ne bakina ya ja mini. Na ce masa ai ni a gaban mai tsire na tashi. (Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Akwai mai tsire a bakin lungunmu, na kuma yi shekaru ina tsayuwa a gabansa. Sai dai ni ta ɓangaren masu jira nake tsayawa, ba ta ɓangaren masu gashi ba.) Daga wannan magana guda, sai abin ya yi ta girma. Kafin shekara ta zagayo, duk ofishin sun san cewa ni gwanin tsire ne, ba ni da na biyu, rashin wurin hura gawayi ne kawai ya hana su ɗanɗana. Ni ma da kaina na fara yarda.

Da zafin Dubai ya kai inda ko tsuntsu ba ya son tashi, Karim ya ɗauki hutu, ya ce lallai sai na bi shi garinsu. Kamfani ya taimaka biza ta fito. Na je wurin wani Alhaji cikin masu kawo mana kaya, na roƙi arziki, ya sam mini yajin tsire na gaske da ƙuli-ƙuli da tsinkaye daga guzurinsa. Na naɗe su cikin riguna kamar na ɗauko zinariya.

Garinsu Karim a kudancin ƙasar yake, a bakin teku, tsohon gari mai ƙananan lunguna da jiragen masunta masu fenti shuɗi. Gidansu na da itatuwan lemo a tsakar gida. Muna shiga, wata dattijuwa fara, gajeriya, da farin mayafi, ta taso daga kujera ta buɗe hannuwa.

"Sannu da zuwa, ɗan Kano! Ina gajiya? Ina mutan gida? Kun sha hanya."

Wallahi saura kaɗan in yi hawaye. Na daɗe rabon da in ji muryar tsohuwa tana yi mini sannu da Hausa. Wannan ita ce Hajiya Salma, mahaifiyar Karim. Hausarta ta fi tawa tsafta, Hausa irin ta da, babu surkin Turanci ko kaɗan. Ta zaunar da ni kusa da ita, ta yi ta tambayata unguwanni da mutane da gidajen da tun ina yaro aka rushe su. Na ce mata wata kasuwar ta tashi, ta ce, "Allah sarki." Ta ce mijinta, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya bai yarda an yi masa karin kumallo babu kunun gyaɗa ba.

Akwai kuma Nur, ƙanwar Karim, malamar makaranta. Ita a can aka haife ta, ba ta jin Hausa, da Turanci muke gaisawa. Ranar farko muna cin abinci ta yi ta zuba wa yayanta Larabci da zafi-zafi, tana nuni da cokali. Larabcina kuwa na kasuwa ne, daga yalla sai khalas sai shwaiya-shwaiya. Na tambayi Karim lafiya dai, ya ce, "Rabu da ita, 'yar rigima ce. In an yi hutu ba ta da aiki sai faɗa da masu rumfunan bakin ruwa, a kan wasu dabbobi." Ban tambayi waɗanne dabbobi ba. Hankalina yana kan farantin da ke gabana.

Aka sa ranar Asabar za a fita bakin teku, ni kuma in yi wa Hajiya tsiren da ta yi shekaru ba ta ci ba. Da safe na yanka nama fale-fale yadda na sha gani ana yi, na tsire shi, na baɗe shi da ƙuli da yaji, na shafa mai. A ido dai ya yi kyau. Na saka farar jallabiyata da takalmin fata. Nur ta riga ta fita tun asuba, ta ce za ta same mu a can da rana.

Ina so in tsaya in gaya muku yadda wurin yake, domin har yau ban ga kamarsa ba. Mu a Dubai bakin teku a share yake, a gyare, in ka juya baya dogayen gine-gine ne suke kallonka. Can kuwa in ka juya baya ciyawa ce da kara da gonakin ayaba, da tsuntsaye farare suna tafiya a hankali kamar masu neman allura. Yashin laushi gare shi kamar garin da aka tankaɗe, ƙafa tana nutsewa a ciki. Ruwan daga baki fari ne tas, kana ganin yatsunka, can gaba ya yi kore, can da nisa ya yi shuɗi har ya haɗe da sama. Iyalai sun kafa rumfuna, yara suna ta ihu, tsofaffi suna shan shayi da ƙafafu a cikin ruwa. Wani yana yawo da dafaffiyar masara. Na tsaya na daɗe ina kallo, ni ɗan da ya girma bai san ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba.

Muka kama rumfa a ƙarshen layi, kusa da inda aka ja wata igiya a kan 'yan turaku. Bayan igiyar babu kowa, sai yashi fetal da ciyayi. Hajiya ta samu wata maƙwabciyarsu, suka juya wa duniya baya suna hira. Karim ya sauke wani murhun ƙarfe mai ƙafafu da suke kira manƙal, ya zuba gawayi. A nan matsala ta fara. Su dogayen tsinkayen ƙarfe suke girkawa a kan bakinsa. Nawa tsinkayen na itace ne, gajeru, ko na ɗora sai su faɗa cikin wuta.

"Raga muke buƙata," na ce, da muryar wanda ya san aikinsa.

"Bari in koma gari in sayo," in ji Karim.

"Haba, zauna. Bakano ba ya rasa dabara. Hura wutar, ina zuwa."

Na fara bin rumfuna ina leƙe, ban ga abin aro ba, ga kunyar tambaya da Larabcin da ba ni da shi. Sai na dawo, na ɗaga ƙafa na tsallake igiyar. (A raina na ce ta masunta ce, suna shanya koma a kai.) Na yi tafiya mai ɗan nisa, hayaniya ta ragu, babu abin da nake ji sai ruwa. Can sama, inda yashi ya bushe, sai ga ta. Raga ce ta ƙarfe, mai kusurwa huɗu, koriya shar, shimfiɗe a ƙasa, an kafe kowace kusurwa da ƙusa. Girmanta daidai bakin manƙal kamar an auna. A gefenta an kafa wata siririyar sanda, can gaba kaɗan kuma ga ƙaramin allo da rubutun Larabci.

Kada ku ce ban karanta ba. Na karanta. Ai na yi Islamiyya. Na tsuguna, na haɗa baƙi, na tsallake kalmomin da suka fi ƙarfina, na tsaya a kan wadda aka rubuta da manyan harufa: salahif. Na maimaita ta a bakina. Salahif, salahif. Sai zuciyata ta ce, ai salihai ke nan. Wasu bayin Allah salihai ne suka ajiye raga sadaka, domin baƙo irina da ya zo gashi ya manta tasa. Har na ji ƙasar ta ƙara burge ni. Na yi musu addu'a, na tumɓuke ƙusoshin, na ɗauki ragar. Sandar ma na zare ta, tunda zan buƙaci abin tona gawayi. Na wanke su a teku, na dawo ina taku ɗai-ɗai.

"Daga ina?" in ji Karim.

"Mutanenku akwai kirki," na ce. "Sadaka aka ajiye."

Ya ɗaga kafaɗa. Shi ma baƙo ne a garinsu, sau ɗaya yake zuwa a shekara.

Na ɗora raga, na jera tsire. Da farko komai lafiya, ƙamshin ƙuli ya fara tashi, har Hajiya ta waiwayo ta ce, "Kai, na tuna gida." Sai koren da na ɗauka fenti ne ya fara kumfa. Ashe roba ce aka lulluɓe ƙarfen da ita. Ta fara narkewa tana ɗiga a kan gawayi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, wari kamar an ƙona taya. Mutanen rumfar kusa suka fara tari, wata mata ta ja 'ya'yanta ta matsa.

"Habibi, haka yake yi?" in ji Karim, yana toshe hanci.

"Haka yake farawa," na ce. "Yanzu zai washe."

Ina cikin fifita da kwali, idanuna suna zubar da ruwa, sai na ga Karim ya ja da baya. Na ɗago. Nur ce tsaye, da hular rana da jaka a kafaɗa. Ba ni take kallo ba, ba naman ba. Wani ɗan guntun ƙarfe take kallo, mai lamba a jiki, yana reto a kusurwar ragar. Ni kuwa da shi nake kamawa ina gyara mata zama.

"Ina ka samo wannan?" ta tambaye ni da Turanci, a hankali.

Na nuna bayan igiya. Na fara bayanin salihai, ban kai ƙarshe ba.

"Akwai sanda a gefenta. Ka bar sandar a wurin, ko?"

Sandar tana hannuna na dama. Bakinta ya ƙone ya yi baƙi.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza irin haka ba. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Ƙwan kunkurun teku ne a ƙarƙashinta. Ragar ita take hana karnuka tonewa. Sandar ita take nuna mana wurin. Yalla, nuna mini inda ka ɗauko."

Muka kwasa da gudu mu uku. To, yashi dai yashi ne. Ko'ina iri ɗaya. Allon da na karanta ashe ba ɗaya ba ne, an kakkafa irinsa jefi-jefi a tsawon gaɓar, kuma ba a kan gurbin yake ba. Iska ta fara share sawuna. Na nuna nan, na ce a'a can ne, na sake cewa kamar mun wuce. Nur ta daka mini tsawa in tsaya wuri ɗaya, kada in taka abin da nake nema. Na ƙame da ƙafa ɗaya a sama.

Wanda ya gano mana wurin kare ne. Wani jan kare marar maigida, can gabanmu, ya dage yana tono da ƙafafun gaba, yashi yana tashi ta bayansa. Ni mutum ne mai tsoron kare tun ina yaro, ko a hoto ba na son sa. Amma kunya ta fi tsoro ƙarfi. Na ruga kansa ina kaɗa sanda, ina ihu da Hausa, "Kai! Kai! Bar nan, ɗan banza!" Jallabiya ta harɗe mini ƙafa, na kifa da fuska, bakina ya cika da yashi. Karen ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa. Nur ta tafa hannu sau ɗaya, ta yi masa wata kalma, ya kaɗa wutsiya ya yi gaba.

Ashe ya riga ya kai ga ƙwan da ke sama. Na rarrafa na leƙa ramin. Ƙwai ne farare, zagayayyu kamar ƙwallon tebur, ɓawonsu da taushi. Ɗaya ya fashe. Nur ta durƙusa, ta cire fasasshen, ta fara mayar da yashi mai danshi da tafin hannunta a hankali, kamar mai lulluɓe jariri. Tana yi tana magana, ba tare da ta dube ni ba. Ta ce uwar daga nesa take zuwa, ta dawo gaɓar da ita ma aka ƙyanƙyashe ta, ta haƙa, ta zuba, ta rufe, ta koma ruwa, ba za ta sake waiwayarsu ba. Ta ce wannan gurbin ita ta gano shi da kanta, makonni ke nan tana zuwa duba shi kowace asuba. A nan dariyar abin ta ƙare mini.

Kafin mu miƙe, mutane sun taru a bakin igiya. Hayaƙin da gudun da ihun sun kira su. A gabansu akwai wani mai rumfar sayar da lemo, ƙato mai gashin baki, wanda daga baya na ji cewa shi ne babban abokin faɗan Nur. Ta sha kai ƙararsa kan hura wuta da kunna fitilu kusa da gandun kunkurun, wato bayan igiyar nan. Ya harɗe hannu a ƙirji, ya faɗi wata magana, jama'a suka kwashe da dariya. Na matsa wa Karim sai ya fassara mini.

"Cewa ya yi, shekara da shekaru tana zarginmu, ashe ɓarawon a gidansu yake kwana."

Nur ta karkaɗe yashin hannunta. Ta ce za ta je ofishin gandun ta karɓo wata ragar, Karim ya kai ta a mota. Ni kuma ta nuna mini ƙasa. "Zauna nan. Kada ka taɓa komai. Kada ka gyara komai. In kare ya dawo, ka tafa hannu."

Haka na zauna a tsakiyar rana, cikin farar jallabiyar da ta koma ruwan ƙasa, ina gadin ƙwan kunkuru. Yara suna zuwa bakin igiya suna nuna ni. Na yi ta lissafin yadda zan sauya tikiti in gudu Dubai a ranar. Ina cikin haka na hango Hajiya Salma tana tahowa a hankali, da lema a hannu ɗaya, gorar ruwa a ɗayan. Ta tsaya daga gefen igiya ta miƙo mini ruwan. Na kasa haɗa ido da ita.

"Hajiya, don Allah ki yafe mini. Na kunyata ku."

"Sha ruwa tukuna," in ji ta. Da na sha, sai ta ce, "Karim ya ce wai salihai ka karanta?"

Na gyaɗa kai.

Ta dubi allon da ke kusa, ta dube ni. "Ɗana, wane malami ne ya biya maka baƙi? Wannan kunkuru ake nufi, da sin aka rubuta. Salihai da sadi ne. Kuma ga zanen kunkurun nan a ƙasa."

Na duba. Yana nan kuwa, ɗan ƙarami, rana ta koɗar da shi. Ni da na gan shi ɗazu na ɗauka tambari ne.

Ta fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗunta ne kawai suke motsi. Ta share ido da bakin mayafi. Sannan ta rage murya, kamar akwai mai jin Hausa a duk gaɓar ban da mu biyu.

"Ni abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Na zauna a Fagge shekara da shekaru, mai tsire yana ƙofar gidanmu. Ban taɓa ganin ya nemi raga ba. Tukuba yake yi, ya tara wuta a tsakiya, ya kakkafa tsinkaye kewaye. Ga yashi nan har ya yi yawa. Gaya mini gaskiya, tsakanina da kai. Ka taɓa gasa tsire?"

"Ban taɓa ba, Hajiya."

"Na sani tun da safe," in ji ta. "Na ga yadda ka riƙe wuƙa."

Da su Nur suka dawo aka kafa sabuwar raga, muka koma rumfa. Naman farko an zubar, ya sha roba. Allah ya sa na bar rabi a cikin kula. Hajiya ta naɗe hannun riga, ta sa ni ɗebo jiƙaƙƙen yashi a bokiti, ta nuna mini yadda zan tara shi ya yi tudu a cikin wani faffaɗan faranti na ƙarfe, a wurin da aka yarda a hura wuta. Muka zuba garwashi a tsakiya, muka kakkafa tsinkaye, kowanne ya ɗan sunkuya wa wuta. Tana zaune a kujera tana ba da umarni. "Juya wancan. A'a, na hagunka. Shafa mai. Kai, kada ka cika yaji tun yanzu, sai an sauke." Ni da Karim muna ta kai da kawo kamar sababbin yaran shago.

Rana ta yi sanyi, ruwan ya koma ja-ja. Hajiya ta ɗauki tsinken farko, ta gutsura, ta rufe ido. Da ta buɗe, sai ta ce da Karim, da Hausa, "Babanka yakan sayo mana wannan ranar Juma'a, a naɗe cikin takarda, da albasa." Karim ya sunkuyar da kai yana taunawa.

Nur tana can gefe, ta juya mana baya. Na zaɓi tsinkaye masu kyau na sa a faranti, na rasa ƙarfin halin kai mata. Hajiya ta karɓa, amma ba wurin 'yarta ta nufa ba, rumfar mai lemon nan ta aika da shi. Jim kaɗan sai ga shi ya taho da kansa, gashin bakinsa duk yaji, yana huci yana tambayar mene ne wannan, a ina ake samun garin yajin. Ya kawo lemo mai sanyi bai karɓi komai ba. Ya tsaya gaban Nur ya yi wata doguwar magana yana nuna ni. Karim ya ce cewa yake yi, shi dai ko a ranar da ya fi kowa laifi bai taɓa gasa nama da kayanta ba, a rubuta masa wannan. A nan Nur ta kasa riƙewa, ta yi dariya. Ta miƙo hannu ta ɗauki tsinke ɗaya. Ta ci, ta sha ruwa da sauri, ta ɗauki na biyu.

"Gobe da asuba za ka bi ni zagaye," ta ce da ni. "Kai ne mai ɗaukar ragogi."

Na ɗauke su kuwa, har ranar da muka taso. Na ga sawun uwar kunkuru a kan yashi, faffaɗa kamar na ƙaramar tarakta, ya fito daga ruwa ya koma. Ita kanta ban gan ta ba.

Bayan mun dawo Dubai da 'yan makonni, ina tsakiyar rigima da wani Alhaji kan nauyin katan, Karim ya turo mini wayarsa a kan tebur. Bidiyo ne daga Nur. Gari bai gama wayewa ba, ga yashi yana motsi a ƙarƙashin raga, ga wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa baƙaƙe suna fitowa ta ramukanta, suna ture juna, suna gudu ruwa da dukan ƙarfinsu. Na kalla har sau nawa ban sani ba. Alhajin ya leƙo ya ce, "Meye wannan?" Na ce masa 'yan uwana ne. Karim kuwa bai bari la'asar ta yi ba sai da duk ofishin suka ji labarin, har direbobi. Daga ranar babu wanda ya sake kirana da sunana a Deira, sai Malam Salihu.

Yanzu shekaru sun tura. Karim ya bar Dubai, yana can Abidjan da iyalinsa, sai dai gaisuwar Sallah. Hajiya Salma ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kafin rasuwarta takan aiko mini da saƙon murya lokaci-lokaci, ba don wani dalili ba, sai don ta samu wanda za ta yi Hausa da shi. Ƙasar tasu ta ga wahalhalu iri-iri tun bayan nan, ni ma ban sake komawa ba, kullum ina cewa baɗi inshallah. Nur dai na ji tana nan tana zagayenta na asuba, tana faɗanta.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na riƙe shi da kyau. Duk lokacin da na karanta wani rubutu na ga ma'anarsa ta zo daidai da abin da raina yake so, sai in tsaya, in goge ido, in nemi wanda ya fi ni karatu. In kuma aka tambaye ni abin da na iya, sai in ce ci.